Hoton Yaya Raliya Ya Ƙi Goguwa

Talata, da hantsi

Gidan Abba ya yi mini yawa. Na rufe falon baƙi da ɗakunan sama, na tattara rayuwata a tsohon ɗakina da kicin, amma duk da haka in na ajiye cokali sai na ji ƙararsa ta zaga gidan ta dawo. Abba da Umma suna Alƙahira wajen aikin idonsa. Umma ta ce kada in gaya masa komai sai sun dawo. Ni ma ban gama gaya wa kaina ba.

Ɗazu na buɗe kwamfuta zan shiga bayan shafinmu kamar yadda na saba kowace safiya, sai ya ce kalmar sirri ba daidai ba ce. Na sake bugawa a hankali kamar 'yar koyo. Haka dai. Abdulbaqi ya canza ta. Shafin Dacewa, wanda na rubuta layi-layi a kan teburin cin abincinmu, shi kuma yana yawon gidajen rediyo yana cewa ya kafa dandalin aurar da zawarawa. Sunansa ne a takardun kamfani, sunansa ne a wajen masu ba mu hayar saba, wato na'urar da shafin yake zaune a kanta. A lokacin ban ga abin damuwa ba, ai mijina ne.

Laraba, bayan La'asar

Yaya Raliya ta kira. 'Yar Baffa ce, wan Abba, ita ta goye ni ina ƙarama. Ta shafinmu ta samu Alhaji Aƙilu na Badawa, aka ɗaura wata biyu da suka wuce, kuma babu inda ban yi alfahari da auren nan ba.

"Afrah, wai hotona yana nan a shafinku?"

"Wane hoton kuma? Tun ranar ɗaurin aure aka goge ki, a gabana."

"To Alhaji ya gani. A majalisarsu wani abokinsa ya nuna masa, har da rubutun nan na ƙasa, wai bazawara mai neman abokin zama."

Ta turo mini adireshin. Na danna, sai ga ta, da mayafinta ruwan ƙasa, tana murmushin nan da na sa ta yi sau wajen goma kafin hoton ya yi kyau. In ka nemi sunanta a shafin ba za ka same ta ba, sai mai ainihin adireshin a wayarsa. Ban tambayi abin da abokin Alhaji yake yi da adireshin matar abokinsa ba, amma na sa shi a raina.

Alhamis, da safe

Na san abin da ya faru tun kafin in ajiye wayar jiya.

Sabar da muke haya ƙarama ce. Da yamma in maza suka taso daga kasuwa suka rufar wa shafin, sai ya riƙa jan ƙafa, domin kowane hoto sai an je rumbun bayanai an haɗo shi da suna da shekaru da unguwa. Shi ne na yi masa ma'ajiyar wucin gadi. Duk bayanin matar da aka buɗe sau ɗaya, sai a ajiye kwafinsa a haɗe a kusa, mai zuwa na gaba a miƙa masa nan take. Na sa masa wa'adin kwana ɗaya. In kwana ɗaya ya cika ba wanda ya nema, kwafin ya mutu da kansa. In wani ya nema, wa'adin ya koma farko. Ranar da na gama aikin nan har rawa na taka a falo.

Maɓallin gogewa kuwa rumbun kawai yake taɓawa, bai san da ma'ajiyar ba. Ina cikin gyara wannan ne ranar Lahadin nan da ta fitar da ni daga gidan Abdulbaqi ta zo.

Layi ɗaya zan rubuta hoton ya tafi. Layi ɗaya, kuma ba ni da ƙofar shiga.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Alhaji ya yi rantsuwa.

Alhaji ya kira Abdulbaqi, Abdulbaqi ya duba wajen da ma'aikata suke dubawa ya ce shi a wajensa babu ita, an goge. Sai Alhaji ya yanke cewa ita ce take sake sakawa a ɓoye. A gaban Baffa da ƙanin shi Alhajin ya ce in aka ga watan azumi hoton nan yana nan, to a bakin aurenta. Baffa ya je wajen malaminsa, malamin ya ce magana ta riga ta fita, ba a mayar da ita ciki.

Muna tsakiyar Sha'aban.

Yaya ta gaya mini duk wannan da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Na yi mata bayani da kicin, don shi ta fi ganewa. Na ce, "Yaya, kin ga gishiri da magi ba kya mayar da su sito, don kullum ana nema. Abin da aka daina nema shi ake kwashewa. Haka hoton nan yake. In kowa ya daina buɗe shi kwana ɗaya cur, zai tafi da kansa."

"In kuma an buɗe fa?"

"Ya ƙara kwana."

Ta ce, "Allah mai iko. To kada ki wahalar da kanki, kin ji? Naki ma ya ishe ki."

Asabar, da Azahar

Na kira Abdulbaqi, bai ɗauka ba.

Lahadi, da yamma

Na ɗauki motar Umma na je Badawa. Na yi zaton zan tarar da zaki, sai na tarar da dattijo mai furfura a gemu yana ta murza carbi, idonsa ya faɗa.

"'Yata, bakina ne ya riga ni," in ji shi. "Wallahi a daren nan ban runtsa ba. Kullum da asuba sai na duba ko ya tafi."

"Alhaji, ai duban nan naka shi yake raya shi."

Sai da na maimaita bayanin sau uku. Da ya gane, ya dafe kai ya yi salati, ya kira direbansa ya miƙa masa babbar wayar ya ce ya kulle ta a mota, ya ɗauko tsohuwar mai tocila. Ya ce yau ɗin nan zai bi 'yan majalisarsu ɗaya bayan ɗaya, har da mai nunawar, ya haɗa su da Allah. Ƙannensa mata kuma zai yi musu magana da kansa.

Yaya ta kawo zoɓo ta tsiyaya mana. Na ce ina Hajara, 'yarta ta auren fari, don kafin biki an ce da ita za ta tare. Alhaji ne ya amsa, ya ce tana Kaura Goje wajen kakarta, ya fi mata, gidan nan ba na hayaniyar yara ba ne. Yaya ta ɗauki tire ta koma kicin.

Mun yi da su cewa kwana biyu ba mai taɓawa, ranar Laraba ni kaɗai zan duba.

Litinin, da hantsi

Ban taɓa sanin rashin danna abu aiki ba ne sai yau. Na sa wayar a cikin durowar kicin, na ɗauko, na mayar. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Maƙwabcinmu ɗan takara ya fara rabon kayan azumi. Tun safe mata sun cika bakin get ɗinsa, har layin ya zo jikin katangarmu. Na tsaya a bayan taga ina jin surutunsu, wata tana ba da labarin yadda surukarta ta ƙona mata tukunya, sauran suna ta shewa. Saura kaɗan in sa hijabi in je in bi layin, ba don shinkafar ba.

Laraba, da safe

Yana nan.

Laraba, bayan Magariba

Kuma yanzu da na duba na ƙara masa kwana da hannuna. Wannan shi ne abin haushin: ba yadda za a yi in san ya mutu sai na taɓa shi, in na taɓa shi kuma yana da rai, na ba shi abinci.

Wani yana buɗewa. Alhaji ya rantse ba shi ba ne, kuma na yarda, mutumin har ya rame. Ina zargin ƙanwarsa ta Gwammaja, wadda ta ce a wajen biki wai matar intanet ba ta zama. Ina zargin mai nunawar. Ina zargin duk matan da aka tura wa adireshin a guruf ɗin biki. Mutanen Kano a ce musu kada su kalli abu, ai ka yi masa talla ke nan.

An sake sa rana, Asabar.

Alhamis, da La'asar

Ruwan sama tun Azahar. Malam Tanko maigadi ya leƙo ya ce ko akwai abin da za a sayo. Na ce babu. Da ya juya sai na ce ya sayo burodi, don kawai a sake ƙwanƙwasa ƙofar in an jima.

Asabar, da safe

Yana nan.

Na tura wa masu hayar saba saƙo, suka amsa cikin ladabi cewa sai mai asusun. Na kira ofis, wadda ta ɗauka ta ce Oga ya hana kowa taɓa komai sai injiniyan da zai zo daga Abuja bayan Sallah. Bayan Sallah! Yarinyar da ni na koya mata kunna firinta, yau ita take ce mini "Hajiya, sai dai ki yi haƙuri."

Lahadi, da Azahar

Baffa ya kira. Bai tambayi lafiyata ba, bai tambayi me nake yi a gidan Abba ba, ko da yake ya sani.

"Ke kika haɗa auren nan, ke kika ƙera abin nan. Yarinyar nan aurenta na biyu ke nan. In ta fito, wa zai kalle ta? Ki je ki samu mijinki, ko me ke tsakaninku ki ajiye shi gefe."

Na ce to, Baffa.

Ko me ke tsakaninku. Haka ake faɗinsa, kamar tsintsiya ce aka bari a hanya.

Litinin, da yamma

Ban je ba.

Talata, da yamma

Na sa kaya, na zauna a mota, na kunna, na kashe. Ban je ba.

Yaya ta kira ta ce ta ji Baffa ya matsa mini, kada in je in ba na so. Na ce ai dole, ke ce fa. Na tuna mata lokacin da na yi ƙyanda ta kwana uku tana yi mini fifita. Ta ce, "Afrah, wannan ai ya wuce." Na ji kamar tana so ta ƙara wani abu, sai ta ce girkinta zai kama.

Alhamis, bayan La'asar

Na je.

Abdulbaqi ya bar ni a zaune a wajen jiran baƙi na ofis, a kujerar da ni na zaɓo launinta, har aka yi Azahar. Da na shiga bai ɗago ba. Ya ce zai ba ni kalmar sirrin, amma sai mun je gidan Hajiyarsa na maimaita a gabanta cewa abin da na ce na gani ranar Lahadin nan ban gani ba.

Mun je. Na durƙusa. Ba zan rubuta abin da na ce ba, hannuna ba zai yarda ba. Hajiya ta sa mini albarka ta ce haka ake son mace.

A mota ya karanto mini kalmar sirrin. Ranar haihuwarsa ce da sunan ƙungiyar ƙwallon da yake goya wa baya. Da na yi tunani kaɗan da na canka, da ban durƙusa wa kowa ba. Ya ce in na gama in haɗa kayana, zai turo direba kafin azumi. Har ya kira Baffa a gabana ya ce an ba ta, a kwantar da hankali.

Na yi amai a bakin get. Malam Tanko ya kau da kai, Allah ya saka masa.

Juma'a, da hantsi

Jiya ban iya taɓa kwamfutar ba. Yau da safe na shiga, komai yana nan yadda na bar shi. Na rubuta layin. Kafin in danna na ce bari in kira Yaya ta ji da kunnenta, ko na samu wanda zan yi murna da shi.

"Yaya, na samu! Ga shi a gabana, yanzu zan goge."

Har na duba ko kiran ya yanke.

"Afrah, dakata. Kada ki taɓa. Ga ni nan zuwa."

Juma'a, bayan La'asar

Ta zo a adaidaita, ta ce wa Alhaji za ta duba ni ba ni da lafiya, wanda ba ƙarya ba ne. Ta zauna a bakin gadona ko mayafi ba ta cire ba. Ta zaro wayarta daga jaka, ta danna, ta juyo mini da ita. Ga ta nan tana murmushi a cikin mayafi ruwan ƙasa.

"Ni ce," in ji ta. "Da asuba in ya tafi masallaci, da kuma bayan La'asar, don kada a samu kuskure. Tun ranar da kika yi mini bayanin gishiri."

Ta mayar da wayar jaka.

"Ba ya dukana, ba ya zagina, ba ya hana ni ci. Shi ya sa ba ni da abin da zan kai wa Baffa. Amma ya yi alkawari a kan Hajara kafin a ɗaura, yanzu ya ce ko kwana ba za ta yi masa a gida ba. Ranar da na je Kaura Goje ta ɓuya a bayan kakarta, ta ƙi zuwa wajena. In na ce a raba, ni ce mara haƙuri, wadda ta kashe aure biyu. In bakinsa ne ya sake ni, ba mai cewa komai."

"Yaya, kin san abin da na yi jiya kafin in samo wannan?"

"Na ce kada ki je."

"Ba ki ce mini don me ba!"

"Da na faɗa miki, da kin rufa mini? Ke da kike ta yawo da auren nan a baki kamar kin ci kofi?"

Na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun da na dawo gidan nan, har da majina. Ta bar ni na yi. Ba ta ba ni haƙuri ba, ta dai jawo kaina ta ɗora a cinyarta tana warware mini kitson da ya tsufa. Rabon da wani ya taɓa kaina har na manta.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa. "Ga shi nan a gabanki. In kin goge ba zan riƙe ki ba, kin sha wuya a kansa. Amma kowa ya san an ba ki. In ba ki goge ba, ke za a zaga, ba ni ba. Na sani, kuma duk da haka ina roƙon ki."

Asabar, da safe

Yau ashirin da tara ga Sha'aban. Layin yana nan a rubuce, 'yar alamar tana ta ƙiftawa a ƙarshensa.

Alhaji ya kira da ƙaramar wayarsa. "'Yata, an ce an dace?" Na ce ana kan aiki, Alhaji. Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya ta kama ni. Mutumin nan yana son ta, a yadda ya iya so.

Direban Abdulbaqi ya zo. Na ce wa Malam Tanko ya ce masa ban shirya ba.

Asabar, bayan Magariba

An ga wata. Daga rediyon Malam Tanko na ji, sai kuma masallacin bayan layinmu ya ɗauka.

Ƙanin Alhaji ne ya buɗe adireshin, a gaban shaidu, don shi Alhajin ya ce ba zai iya ba. Hoton yana nan.

Baffa ya kira kafin Isha'i.

"Ke Afrah. Ba an ce an ba ki makullin abin ba?"

"An ba ni, Baffa."

"To me ya faru?"

Na kalli kwamfutar. Shekara uku ban taɓa barin shafin nan ya kwana da matsala ba, kuma Baffa ya sani, shi yake gaya wa mutane 'yar ƙaninsa ta fi maza iya na'ura.

"Na kasa, Baffa. Abin ya fi ƙarfina."

Ya ce kin kashe naki kin zo kin kashe na 'yar'uwarki. Ya ce zai kira Alƙahira, ciwon ido ko ba ciwon ido ba. Ya faɗi wasu abubuwan. Na riƙe wayar a kunne har ya gama, ina cewa Allah ya huci zuciyarka.

Lahadi, ɗaya ga azumi, da hantsi

Ba wanda ya kira yi mini barka da shiga azumi, kuma ban sa rai ba. An cire ni daga guruf ɗin gidanmu. Yaya ma ba za ta iya kira ba yanzu, tana gidan Baffa kowa yana lallashinta yana tsine mini. Ƙanwarta ta sa hoto a waya: Yaya a kan tabarma idonta a kumbure, Hajara tana barci a jikinta, ta cusa hannu a cikin rigarta.

Na buɗe kwamfuta na danna layin. Ko ƙiftawar ido bai ɗauka ba.